Yadda Ake Haɗa Bakin Ƙasashe 195 a Kan Rahoton Sauyin Yanayi

Duk lokacin da aka ji a rediyo cewa bakin masana ya zo ɗaya kan cewa ayyukan ɗan Adam ne ke ɗumama duniya, galibi maganar daga kwamitin IPCC ta fito. Hukumar Yanayi ta Duniya da Shirin Muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya ne suka kafa shi a 1988, kuma ƙasashe 195 ne suka shiga cikinsa, har da Najeriya da Nijar. Kwamitin ba ya gudanar da bincike na kansa. Aikinsa shi ne ya tattaro abin da masana suka riga suka wallafa, ya auna shi, ya faɗi inda hujja ta yi ƙarfi da inda take da rauni. Matsayar da yake fitarwa ta cancanci a dogara da ita, kuma dalilin yana cikin hanyar da ake bi, domin hanya ce da ke tilasta a ba duk mai ja amsa a rubuce.

Da farko ana taron tsara babi-babi, ƙasashe su amince da tsarin. Daga nan gwamnatoci da ƙungiyoyi masu sa ido su aiko da sunayen masana, shugabannin kwamitin su zaɓi marubuta, suna duba ƙwarewa da yanki da jinsi. Kwamitin ba ya biyan marubutan albashi. Rahoton kimiyyar yanayi na Agustan 2021 marubuta 234 ne suka rubuta shi, bayan sun bi ayyukan bincike sama da 14,000.

Wurin dubawa ne aikin ya fi nauyi. Daftari na farko ana buɗe shi ga duk wani masani da ya yi rajista ya bayyana ƙwarewarsa, ko da mai adawa da batun ɗumamar duniya ne. Daftari na biyu ana tura shi ga masana da gwamnatoci tare. A wancan rahoto na 2021, tsokacin da aka aiko ya haura 78,000, kuma ƙa'ida ita ce marubuta su amsa kowane ɗaya: sun karɓa, ko sun ƙi, da dalilinsu. Akwai editoci na musamman da ba sa rubuta babin, aikinsu kawai su tabbatar ba a share wani ƙorafi ba. Bayan fitar rahoto ana wallafa daftarorin da tsokacin da amsoshin, kowa ya gani. Tankaɗe ne ake yi da rariya sau da dama, tsakin kuma ba a ɓoye shi. Haka nan marubuci ba shi da ikon zaɓar ƙarfin kalma yadda ya ga dama, don kowace tana da awonta: akwai kalmar da ke nufin yiwuwar abu ta kai kashi 66 cikin ɗari, akwai ta kashi 90, akwai ta 95, akwai ta 99. Da wannan awo ne ake ganin yadda matsayar ta yi ta ƙarfafa. A 2001 an ɗora alhakin mafi yawan ɗumamar a kan ɗan Adam a matakin kashi 66, a 2007 kashi 90, a 2013 kashi 95, sai a 2021 aka ce babu sauran tababa cewa ɗan Adam ya ɗumama duniya.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda ya fi jawo ce-ce-ku-ce. Babban rahoton mai dubban shafuka karɓarsa ake yi gaba ɗaya, amma taƙaitawar da aka yi wa masu mulki sai wakilan gwamnatoci sun amince da ita jimla bayan jimla. Ana haska jimlar a allo, shugaban zama ya tambaya ko akwai mai magana. In babu, ya buga guduma a wuce. In wata ƙasa ta ja, marubutan da ke zaune a wurin su yi bayani. In abin ya ci tura, a ware ƙaramin rukuni su je gefe su sasanta, wani lokaci har asuba. Iyaka guda ce ba a tsallakewa: duk gyaran da aka kawo sai marubuta sun tabbatar ya dace da abin da ke cikin babin.

Mai ja zai ce, ina ruwan ɗan siyasa da jimlar masana? Damuwarsa tana da tushe. A taron Madrid na 1995 wakilan Saudiyya da Kuwaiti sun daɗe suna jayayya kafin a amince da jimlar da ta ce hujjoji sun rinjaya wajen nuna hannun ɗan Adam a sauyin yanayi. A Berlin a 2014 an cire zane-zanen da suka rarraba hayaƙin ƙasashe bisa arzikinsu daga taƙaitawar, saboda wasu gwamnatoci sun ƙi. Sai dai a lura da abu biyu. Zane-zanen suna nan a babban rahoton, ba a goge su ba. Sannan matsin gwamnatoci galibi wajen sassauta magana yake karkata, don haka abin da ya tsira daga wannan zama shi ne mafi ƙarancin abin da hujja ta tabbatar. Ƙasar da ke rayuwa da kuɗin man fetur, in wakilinta ya bari guduma ta sauka a kan jimla, ba ta da bakin musanta ta gobe a teburin tattaunawa. Wannan riba ce da rahoton masana zalla ba zai samar ba.

Wani kuma zai ce gaskiya ba a ƙidaya ta da yawan kawuna, kuma taron masana na iya kuskure. Haka ne, har ma ya faru. Rahoton 2007 ya ce ƙanƙarar tsaunukan Himalaya na iya ƙarewa zuwa 2035, magana marar tushe da aka ɗauko daga takardar da ba ta bi tantancewar masana ba. Kwamitin ya amsa laifinsa a farkon 2010, aka sa wata majalisar cibiyoyin kimiyya ta duba tsarinsa, aka ƙarfafa ƙa'idoji. Abin lura shi ne an samu masu dubawa da suka yi tambaya a kan jimlar tun tana daftari, ba a kula su yadda ya kamata ba. Kuskuren ya shigo ne ta inda aka saki hanyar, kuma rubutaccen tarihin tsokacin ne ya nuna hakan.

Raunin da ya fi damuna daban ne. Kwamitin abin da aka wallafa kawai yake aunawa, tashoshin auna ruwan sama da zafi kuwa sun yi ƙaranci a Afirka, masananta ma kaɗan ne a cikin marubuta. Shi ya sa magana kan makomar damina a Sahel ba ta kai ta ɗumamar duniya ƙarfi ba, alhali ita ce manomi da makiyayi suka fi buƙata. An shiga zagaye na bakwai na rahotannin tun 2023. Malaman jami'o'inmu su wallafa abin da suka auna, su yi rajistar duba daftari idan an buɗe, gwamnatocinmu kuma su tura wakilan da suka karanta takardar kafin su shiga zauren.