Yaron da bai riƙe wuya ba: matsalar da ke farawa tun a ciki

A Federal Low-Cost, kamar sauran unguwannin Gombe, idan jariri ya kai wata shida bai riƙe wuya ba, ga taune-taune, nono ma sai ya ƙware, nan da nan ake cewa iska ce, ko a kira shi ɗan ruwa. Mu da muke duba yara mun san cewa a wasunsu abin ya faru tun kafin haihuwa. Daga wajen wata na uku zuwa na shida na ciki, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna ƙaura daga can ciki zuwa samanta, su jeru hawa shida. A cikin kowace ƙwaya akwai siraran bututu da ake kira maikurotubul, kamar layin dogo, a kansu ake jan cibiyar ƙwayar gaba. Furotin DCX ne ke ƙarfafa bututun, LIS1 kuma yana sarrafa abin da ke yin jan. Idan ɗaya ya samu tangarɗa, ƙwayoyin sai su tsaya a hanya, hoton MRI ya nuna ƙwaƙwalwa sumul, babu lanƙwashe-lanƙwashen da ya kamata.

An gano ƙwayar gadon LIS1 a 1993, a kan kuromosom na 17, kuma galibi canjin da ke lalata ta sabo ne a jikin yaron, iyaye ba su da shi. Don haka zalunci ne a ɗora wa uwa laifin abin da ta ci ko inda ta bi da magariba. DCX, da aka gano a 1998, yana kan kuromosom X. Uwa na iya kasancewa ɗauke da canjinsa da 'yar alama ko babu, ɗanta namiji ya kamu sosai.

Wani zai ce yaran da ke taune-taune sun fi yawa saboda zazzaɓin cizon sauro, shawara ko wahalar naƙuda. Gaskiya ne, wannan cuta ba ta da yawa, amma ido ba ya bambance su, sai gwaji. Wani kuma zai ce tunda ba a warkewa, me asibiti zai yi? Maganin farfaɗiya yana rage faɗuwa, gashin ƙashi yana sassauta sandarewar gaɓoɓi, kuma koya wa uwa ta zaunar da yaro a miƙe, ta ba shi kunu mai kauri cokali-cokali, yana rage shigar abinci cikin huhu, wanda ke jawo ciwon haƙarƙari mai kisa. A Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe akwai likitocin yara da za su fara wannan bincike, su kuma tattauna da iyaye kan haɗarin da ke cikin haihuwa ta gaba.