HUKUNCIN KOYON TAIMAKON GAGGAWA DA YADDA AKE YINSA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Mai rayarwa Mai kashewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, ka iya alwala da farillanta da sunnoninta, wataƙila har wankan gawa ka iya. To, idan mutum ya yanke jiki ya faɗi kusa da kai a cikin sahu, ko a kasuwa, ko a bakin titi, me ka iya? Abin da muka saba gani shi ne a kewaye shi har a toshe masa iska. Wannan ya yi masa fifita, wancan ya ɗura masa ruwa, wani ya zaro waya yana ɗaukar hoto. Can sai wani ya ce, "Sai haƙuri, kwana ya ƙare," a ja masa mayafi. Alhali kuwa mai yiwuwa ne da sauran kwanansa, wanda ya san abin yi ne babu a wurin.

1. HUKUNCINSA A SHARI'A

Ka sani cewa tsare rai yana cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin kiyaye su, watau addini, da rai, da hankali, da nasaba, da dukiya. Ka duba aya ta 32 a cikin Suratul Ma'ida, za ka ga Allah Ya daidaita ceton mutum guda da ceton jama'a baki ɗaya. Malamai sun ce ceton wanda ke bakin halaka wajibi ne a kan wanda ke da iko, har ma mai salla zai yanke sallarsa saboda shi. A cikin Muhtasar, Shehu Halil ya kawo cewa wanda ya ga rai zai halaka, yana da ikon cetonsa ya ƙi, to akwai lamuni a kansa. Ya buga misali da mutumin da ke da zaren ɗinke rauni mai zurfi ya hana.

Abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Saboda haka koyon wannan ilmi farilla ce ta kifaya: idan wasu sun koya sun ɗauke wa saura, idan unguwa guda ba wanda ya iya, duka sun shiga laifi.

Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Ranar Uhudu, a shekara ta 3 bayan Hijira, da aka ji wa Annabi (S.A.W.) rauni a fuska, Nana Faɗima ce ke wanke jinin, Sayyidina Ali yana zuba ruwa. Da ta ga jinin ƙaruwa yake yi, sai ta ƙona guntun tabarma ta danna tokar a wurin, jini ya tsaya. Darasin da ke ciki shi ne ba ta tsaya kuka ba, ta yi aiki da mafi kyawun abin da ke hannunta a zamaninta. Kai yau kana da ƙyalle mai tsabta da bandeji. Haka nan a yaƙin Handaƙ, shekara ta 5, da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu, a hemar Rufaida aka ajiye shi, cikin masallacin Madina, inda take jinyar masu rauni.

2. SHUBUHOHI GUDA HUƊU

Ta farko, wani zai ce ai ajali ba ya jira, me danna ƙirji zai yi? Mu ce masa, wa ya sanar da kai cewa ajalinsa ya zo? Wannan gaibu ne. Annabi (S.A.W.) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sa'an nan ya yi tawakkali. Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, ya kuma nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddara take. Har malamanmu da suka ce a gaggauta jana'iza sun togace wanda ya nutse a ruwa da irinsa, suka ce a saurara sai an tabbatar da mutuwarsa.

Ta biyu, idan mace ce fa? Lalura tana halatta abin da aka hana, gwargwadon lalurar. Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu ta ba da labarin yadda su mata suke yi wa masu rauni magani a wurin yaƙi. Idan akwai mace da ta iya, ko muharraminta, su yi. Idan babu, kai ka yi, ka tsare mata mutuncinta, ka kori 'yan kallo.

Ta uku, idan ba Musulmi ba ne fa? Hadisi ya inganta cewa an gafarta wa wani saboda ya shayar da kare. To, ina ga ɗan Adam? Mai ceto ba ya tambayar addini ko ƙabila.

Ta huɗu, tsoron 'yan sanda, kada a ce kai ka kashe shi. Wannan tsoro ya ci rayuka da yawa a kan titunanmu. Ka sani Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ya ƙi karɓar mai bukatar taimakon gaggawa. Wata doka ta 2017 kuma ta wajabta karɓar wanda aka harba ko da babu takardar 'yan sanda, ta kuma hana a wulaƙanta wanda ya kawo shi. Ka kira shaidu biyu ko uku daga mutanen wurin, ka yi aikinka.

3. IDAN ZUCIYA TA TSAYA

Zuciya famfo ce mai tura jini, jini kuwa shi ke kai wa ƙwaƙwalwa iskar oksijin. Idan famfon ya tsaya, cikin minti 4 zuwa 6 ƙwaƙwalwa za ta fara lalacewa. Ka lissafa da kanka: daga masallacinku zuwa asibiti minti nawa ne? Ke nan likitan farko shi ne wanda ke tsaye a wurin.

A 1960 ne likitoci da masu bincike a asibitin Johns Hopkins na Amurka suka bayyana cewa danna ƙirji da hannu yana tura jini a madadin zuciya. Shi ne abin da ma'aikatan asibiti ke kira CPR. A farkon shekarun 1970 aka fara koya wa mutanen gari a birnin Siyatil. Bincike ya nuna cewa idan na kusa ya fara dannawa nan take, damar rayuwa tana ninkawa biyu ko uku. Hikima kuwa kayan mumini ce da suka ɓace, inda ya same ta ya ɗauka.

Ku masu kallon ƙwallo kun ga misali. Ranar 12 ga Agusta 1989, Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na Legas ana wasa da Angola, ya rasu yana matashi. Ranar 12 ga Yuni 2021 kuma Christian Eriksen na ƙasar Danmak ya faɗi ana tsakiyar wasa, zuciyarsa ta tsaya. Nan take aka shiga danna ƙirjinsa, aka girgiza zuciyar da na'urar lantarki, ya farfaɗo, har ya koma wasa a 2022. Abu na farko a nan shi ne ka gane ƙuruciya da ƙarfin jiki ba su hana zuciya tsayawa.

Ga yadda ake yi, ka hardace shi kamar yadda ka hardace farillan alwala:

1. Ka duba wurin tukuna. Idan lantarki ne, a kashe mita ko a ture waya da busasshen itace. Idan titi ne, a tsai da motoci.

2. Ka dafa kafaɗarsa ka kira shi da ƙarfi. Idan bai amsa ba, ka ɗaga haɓarsa ka dubi ƙirjinsa, kada ka wuce daƙiƙa 10.

3. Idan ba ya numfashi, ko kuwa yana jan numfashi ɗaɗɗaya da kakari kamar kifin da aka fitar daga ruwa, to ka ɗauka zuciya ta tsaya. A nan mutane ke ruɗewa su ce gargara ce. Mai laƙƙana masa kalmar shahada ya yi, amma kada hannunka ya jira.

4. Ka nuna mutum guda da yatsa ka ce, "Kai mai farar hula, kira 112." Idan hatsarin mota ne, lambar jami'an kiyaye haɗurra ita ce 122. Ka tura wani ya nemo mota. Idan ka ce "a kira" kawai, kowa zai dubi kowa.

5. Ka kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ba bisa katifa ba. Ka durƙusa, ka aza gindin tafin hannunka a tsakiyar ƙirji, ka ɗora ɗayan a kai, ka miƙe gwiwoyin hannu.

6. Ka danna da nauyin jikinka, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti guda, watau kusan sau biyu kowace daƙiƙa. Bayan kowace dannawa ka bar ƙirjin ya taso.

7. Idan an koya maka, bayan dannawa 30 ka toshe hancinsa ka hura masa iska sau 2 ta baki. Idan ba ka iya ba ko kana tsoron ɗaukar cuta, ka ci gaba da dannawa kawai. Amma wanda aka tsamo daga ruwa, da yaro ƙarami, sun fi bukatar hura iska. Jariri kuwa da manyan yatsu biyu ake danna masa, zurfin kamar santimita 4.

8. Ku riƙa karɓa-karɓa duk bayan minti 2, domin hannu yana gajiya. Kada a daina sai ya dawo da numfashi, ko ma'aikacin lafiya ya karɓa, ko ƙarfi ya ƙare. Idan akwai na'urar girgiza zuciya a wurin, a kunna ta, ita da kanta za ta faɗi abin yi.

Wataƙila ka ji haƙarƙari ya ƙaras. Kada ka tsorata, ƙashi yana warkewa. Ba kowa ne kuma zai tashi ba, da yawa za su cika duk da ƙoƙarinka. Kai dai sababi aka ɗora maka, ladanka kuwa yana nan.

Idan ya suma amma yana numfashi daidai, kada ka danna masa ƙirji. Ka juya shi bisa gefensa domin kada amai ya shaƙe shi, kada kuma ka ɗura masa kome, ko ruwa ko madara ko rubutu.

4. SAURAN HAƊURRA A TAƘAICE

Zubar jini: ka danne wurin da ƙyalle mai tsabta da ƙarfi, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙe. Idan ya jiƙe, ɗora wani a kai. Ka sa safar hannu ko leda. Ban da zuba ƙasa ko bakin mai.

Shaƙewa da loma: idan ya kasa tari da magana, ka sunkuyar da shi ka buga tsakanin kafaɗunsa sau 5, sa'an nan ka rungumo shi ta baya ka matsa saman cibiya ciki da sama sau 5. Ka yi ta maimaitawa.

Ƙuna: ruwa mai sanyi na minti 20. Ban da ƙanƙara, ban da ƙwai, da manja, da man goge baki.

Farfaɗiya: camfi ne cewa ana ɗaukarta ta miyau. Kada ka gudu, kada ka cusa masa cokali, kada ka danne shi. Ka janye shi daga wuta da ruwa, ka sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, idan ta lafa ka juya shi gefe. Idan ta wuce minti 5, sai asibiti.

Saran maciji: kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa inda ke da allurar dafi, irin asibitin Kaltungo a Jihar Gombe. Lokacin da za a ɓata wurin mai tsatsuba shi dafin ke bukata.

Hatsarin mota ko babur: kada a fizgo shi hannu da ƙafa kamar buhu. Idan wuya ko baya ya karye, wannan jan yana iya nakasa shi har abada. A riƙe kansa daidai da jikinsa, a ɗauke shi bisa allo ko ƙyaure.

5. ABIN DA AKE SO KA YI

Ɗan'uwa, karanta wannan takarda bai mai da kai gwani ba, kamar yadda karanta babin yanka bai mai da mutum mahauci. A zamanin Annabi (S.A.W.) wani sahabi ya sami rauni a ka, abokan tafiyarsa suka ce lalle sai ya yi wankan janaba, ya yi ya mutu. Annabi ya yi fushi da su ƙwarai, domin sun ba da fatawa da jahilci maimakon su yi tambaya. Saboda haka kada ka wuce iyakar abin da ka koya, ba allura, ba ɗinki, ba rubuta magani.

Ku je wurin limaminku ku nemi a ware rana. Ku gayyato likita ko nas daga cikin masu salla tare da ku, ko jami'an Red Cross, su zo da mutum-mutumin gwaji kowa ya danna da hannunsa. Ku 'yan agaji musamman, kaki da shirya sahu da tare motoci ranar wa'azi duk aiki ne mai kyau, amma sunan da kuke amsawa agaji ne. A sami aƙalla mutum uku da suka iya a kowane masallacin Juma'a da kowace Islamiyya, a ajiye akwatin bandeji da safar hannu da almakashi inda kowa ya sani. A shirya wa mata nasu ajin, domin su ke gida lokacin da yaro ya shaƙe ko ya faɗa ruwan zafi. Kai kuma ka koya wa matarka da ƙannenka, ka riƙa bita, gama abin da ba a maimaitawa yana gudu. Wa ya sani, ko ƙirjin da za a danna gobe naka ne.

Allah Ya sanar da mu abin da zai amfane mu, Ya sa mu zama sanadin ceton bayinSa, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.