Yadda Ake Farfaɗo da Gangar Tsofaffin Motoci da Taimakon Kwamfuta

Gabatarwa

A ranar 12 ga watan Fabrairu na shekarar 1957 wata mummunar gobara ta tashi a masana'antar motoci ta Jaguar da ke Browns Lane, cikin birnin Coventry na ƙasar Ingila. Daga cikin dukiyar da ta salwanta har da motoci 9 samfurin XKSS. Kamfanin ya yi niyyar ƙera guda 25 ne, amma 16 kaɗai suka tsira. A shekarar 2016, wato bayan shekara 59, kamfanin ya ba da sanarwar zai ƙera ragowar 9 ɗin nan, ba tare da sun bambanta da na asali ba. To amma samfurin da aka gwada gangar motocin farko a kansa ya riga ya ɓace. Ta yaya za a dawo da siffar?

Wannan darasi zai yi bayanin yadda injiniyoyi suke warware irin wannan matsala. Mai karatu zai ga cewa aikin ya kasu gida biyu: akwai sanin siffa, akwai kuma tilasta wa ƙarfe ya ɗauki siffar. Kwamfuta ta sauƙaƙa na farko ƙwarai, amma na biyu har yanzu yana neman hannun gwani.

Dalilin da ya sa gangar mota take da wuyar ƙerawa

Gangar mota, wadda aka fi sani da bodi, ita ce fatar da ta lulluɓe inji da kujeru da sauran kayan ciki. Wahalar ƙera ta tana cikin irin lanƙwasarta. Idan ɗalibi ya ɗauki takarda zai iya naɗe ta a jikin gwangwanin madara lami lafiya, domin gwangwani ta fuska ɗaya kawai ya lanƙwasa. Amma idan ya yi ƙoƙarin lulluɓe bayan ƙwarya da takardar, dole ta tattare ko ta yage, domin ƙwarya ta lanƙwasa ta fuska biyu a lokaci guda. Masanin lissafin nan na Jamus, Carl Friedrich Gauss, ya tabbatar a shekarar 1827 cewa ba yadda za a yi shimfiɗaɗɗen abu ya koma siffar ƙwallo sai an miƙe wani sashe nasa ko an tsuke wani.

Murfin inji da murfin taya da rufin tsofaffin motocin tsere duk irin lanƙwasar ƙwarya gare su. Manyan masana'antu suna samun wannan siffa ta hanyar matse fallen ƙarfe tsakanin mazubai biyu na baƙin ƙarfe, a cikin injin da ke danna nauyin ɗaruruwan tan. Irin waɗannan mazubai tsada gare su ainun, kuɗinsu ba ya fita sai an ƙera dubban motoci. Saboda haka masu ƙera motoci 'yan kaɗan, a Ingila da Italiya, suka bi wata hanya dabam. Sukan harhaɗa ƙwarangwal na katako mai siffar motar, su riƙa bugun fallen alminiyam suna gwadawa a kansa har ya zauna daidai. Idan ƙwarangwal ya ɓace, ba abin da ya rage sai a auna wata motar da ta tsira.

A da, da tef da kwali ake wannan awo, ko kuma a shafa filasta ko faiba a jikin motar a kwafo siffarta. Aikin yakan ci makonni, kuma yana iya ɓata fenti. Alal misali, motar Ferrari 250 GTO guda 36 kacal aka ƙera tsakanin 1962 da 1964, kuma a shekarar 2018 an sayar da ɗaya a gwanjo a kan fiye da dala miliyan 48. Ba mai irin wannan mota da zai yarda a yaɓa mata filasta.

Mataki na farko: awo da haske

A yau ana auna mota ba tare da an taɓa ta ba. Na'urar ɗaukar siffa tana harba siririn layin hasken lesa a jikin motar, sai wata kyamara da ke gefe ta dubi inda hasken ya sauka. Fitilar lesa da kyamara da wurin da hasken ya sauka sun zama kusurwoyi uku na alwatika. An riga an san tazarar da ke tsakanin fitila da kyamara, an san kusurwar da hasken ya fita, kyamara kuma ta auno kusurwar da ta hango shi. Duk ɗalibin da ya yi lissafin alwatika ya san cewa gefe ɗaya da kusurwa biyu sun isa a gano sauran.

Ga misali. A ce tazarar fitila da kyamara santimita 20 ce, hasken ya fita a kusurwa 90, kyamara kuma ta hango shi a kusurwa 60. Nisan wurin daga fitila shi ne 20 sau tan 60, wato 20 sau 1.732, ya ba da kimanin santimita 34.6. Na'urar tana yin irin wannan lissafi sau dubbai a cikin daƙiƙa guda. Kowane lissafi yana ba da ɗigo ɗaya mai lambobi uku: tsawo da faɗi da bisa. Idan aka kewaye motar gaba ɗaya akan tara miliyoyin ɗigo, kuma kuskuren kowanne bai kai milimita ɗaya ba.

Aikin yana da nasa cikas. Fenti mai sheƙi da gilashi suna watsa haske su ruɗa kyamara, shi ya sa akan fesa wata farar hoda mai gogewa kafin a fara. Haka kuma akan manna ƙananan alamomi a jikin motar domin kwamfuta ta gane inda awon wannan gefe ya haɗu da na wancan.

Mataki na biyu: gyaran siffa a cikin kwamfuta

Tarin ɗigo bai zama zane ba tukuna. Kwamfuta takan haɗa ɗigo uku-uku su zama ƙananan alwatika, su yi wata irin raga mai siffar motar. Daga nan injiniya ya shimfiɗa sumul ɗin fata a kan ragar. A nan ne ake fuskantar tambaya mai muhimmanci, domin na'ura ba ta san bambancin siffar asali da lahani ba. Tana kwafo lotsawa, da tabon tsohon haɗari, da tudun da mai gyara ya cike da foti. Bugu da ƙari, motar da aka buga da hannu ba ta taɓa zama daidai wa daida ba. Gefen hagu yakan ɗan saɓa wa na dama.

Abin da ya faru da wata motar Jaguar, mai suna Lightweight E-type, ya isa misali. A shekarar 1963 aka shirya ƙera 18, amma 12 aka kammala. A shekarar 2014 kamfanin ya ƙudurta ƙera sauran 6. Injiniyoyi suka ɗauki siffar ciki da wajen gangar ɗaya daga cikin na asali, wadda ta ƙunshi sassa 230. Domin ɓangarorin biyu su daidaita, sai suka zaɓi gefe ɗaya, suka juya shi a kwamfuta kamar hoton madubi ya zama ɗaya gefen. Ke nan sababbin motocin sun fi na asali daidaito. Amma wajen irin alminiyam da hanyar harhaɗawa sai suka tsaya a kan na wancan zamani, duk da cewa akwai waɗanda suka fi su ƙarfi a yau, domin motocin su cika sharuɗɗan shiga tseren motocin tarihi. Wannan shawara ta abin da za a gyara da abin da za a bari, mutum ne yake yanke ta.

Mataki na uku: sassaƙa ƙwarangwal

Da zarar zane ya kammala, kwamfuta takan yanyanka siffar motar daga gaba zuwa baya, kamar yadda ake yanka burodi. Kowane yanki yana nuna kewayen motar a wannan wuri. Sai a aika da yankunan ga injin sassaƙa mai bin umarnin kwamfuta, ya yanke su daga falankin katako, tare da tsagar da za su shiga juna. Idan aka harhaɗa su, ƙwarangwal ya tashi a cikin 'yan kwanaki. A wuraren da lanƙwasa ta yi tsanani, kamar kewayen fitila, injin yakan sassaƙa cikakkiyar siffar daga dunƙulen katako mai tauri, a ɗora ƙarfe a kai a buga. Idan kuwa da faiba za a yi gangar, akan sassaƙa motar sukutum daga soso mai tauri, a goge ta sumul, sannan a kwafi mazubi daga jikinta.

Mataki na huɗu: bugun ƙarfe

An fi son alminiyam a motocin tsere saboda rashin nauyinsa. Kowane santimita mai siffar kwabo-shida, wato kubik, na alminiyam giram 2.7 ne, na baƙin ƙarfe kuwa wajen giram 7.8. Maƙeri yakan fara da bugun fallen a kan jakar fata mai cike da yashi, da gudumar katako, har tsakiyarsa ta miƙe ta yi kwarmi. Sannan ya kai shi ga wata na'ura da ake kira wilin Ingila, mai ƙafafun ƙarfe biyu, na sama shimfiɗaɗɗe, na ƙasa mai doro. Yana tura fallen gaba da baya a tsakaninsu, ƙarfen yana ƙara sirancewa yana bajewa, tabon guduma yana gogewa. Bakin fallen kuma yakan tattare shi ya buga domin ya tsuke.

Yawan bugu yana sa alminiyam ya taurare har ya tsage, don haka akan gasa shi ya yi laushi. Hatsarin shi ne alminiyam yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salshiyos, kuma ba ya yin ja kafin ya narke, balle ya yi wa mutum gargaɗi. Dabarar maƙera ita ce su goga sabulu a jikinsa. Idan sabulun ya yi baƙi, zafi ya isa. A kowane mataki ana ɗaukar fallen a gwada a kan ƙwarangwal, a duba inda bai zauna ba. Da irin wannan aikin wili na hannu aka yi gangar sababbin XKSS, kuma kamfanin ya ƙiyasta cewa kowace mota tana cin awa 10,000 na aikin ma'aikata. Masu gyaran bodi a garejojin ƙasar Hausa, idan suna fitar da lotsawa da guduma, wannan ilmi na miƙewa da tsukewar ƙarfe suke aiki da shi.

Na'urar gini hawa-hawa

Akwai kuma na'urar da ke gina abu daga zanen kwamfuta, tana ɗora siririn hawa bisa hawa. Ta fi amfani wajen ƙananan sassan da suka ƙare a kasuwa. A shekarar 2018 kamfanin Porsche na Jamus ya bayyana cewa yana gina wani hannun kuloc na motarsa samfurin 959, wadda 292 kawai aka ƙera, ta hanyar narka garin ƙarfe da lesa a hawa-hawan da kaurin kowanne bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Kafin wannan, a shekarar 2015, cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ta nuna kwafin motar Shelby Cobra da aka gina gangarta da roba mai gauraye da zaren kabon. Duk da haka sai da aka kankare layukan hawan aka goge kafin ta karɓi fenti.

Batun doka da amana

Sauƙin kwafi ya zo da rigima. Jaguar kwafin motarsa ya yi, amma wanda ya kwafi ta wani ba izini yana iya shiga hannun hukuma. A shekarar 2012 kamfanin Mercedes-Benz ya murƙushe wata gangar faiba ta samfurin 300 SL da jami'an kwastan na Jamus suka kama. A shekarar 2019 wata kotu a birnin Bologna na Italiya ta yanke hukuncin cewa siffar Ferrari 250 GTO aikin fasaha ce da doka ta kare. Mafi muni shi ne a sayar da kwafi da sunan na asali, wanda zamba ce tsagwaronta. Na'urar da ta sauƙaƙa kwafin ita ce kuma take taimaka wa masu bincike su gwada motar da ake shakka da wadda aka tabbatar.

Gwaji domin aji

Malami zai iya nuna matakan nan ba tare da kwamfuta ba. A samo babban dankali, a yanka shi faifai-faifai, kaurin kowanne santimita 1. A ɗora kowane faifai a kan kwali, a zana kewayensa, a yanke, a sa masa lamba. A jera kwalayen a jikin tsinke, da tazarar santimita 1 a tsakaninsu. Wannan shi ne ƙwarangwal. Daga nan ɗalibai su yi ƙoƙarin lulluɓe shi da takarda, su lura da wuraren da ta tattare. A sake gwajin da tazarar rabin santimita, a kwatanta wanne ya fi kama da dankalin.

Tambayoyi

1. Me ya sa takarda take naɗe gwangwani amma ba ta lulluɓe ƙwarya?
2. Idan tazarar fitila da kyamara santimita 30 ce, hasken ya fita a kusurwa 90, kyamara ta hango shi a kusurwa 45, mene ne nisan wurin daga fitila?
3. Fallen baƙin ƙarfe yana da nauyin kilo 39. Nawa ne nauyin fallen alminiyam mai girma da kauri iri ɗaya?
4. Idan aka tarar gefen hagu na tsohuwar mota ya saɓa wa na dama, a kwafe ta yadda take ko a daidaita? A kawo hujja.