Yaɓen Cikin Jijiya

Ku ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, daidai gindin babban yatsa. Bugun da kuke ji, jini ne ke wucewa cikin jijiya. Cikin jijiyar nan akwai wata shimfiɗa siririya mai santsi, kamar yaɓen da magini ke yi wa ɗaki. Likitoci suna kiranta endotiliyam. Mu a wannan darasi yaɓe za mu riƙa ce mata.

Yaɓen nan mai rai ne, har saƙo yake aikawa. A shekarar 1980 wani masani a Amurka, Robert Furchgott, ya lura cewa in aka kankare yaɓen, jijiya ba ta buɗewa yadda ya kamata. Daga baya aka gane saƙon wata iska ce mai suna naitirik oksaid. Ita ke sa naman jijiya ya saki, jini ya wuce salin-alin. A 1998 shi da wasu masana biyu suka sami kyautar Nobel a kan wannan aiki.

Amma ba kowane saƙo ne na lallashi ba. Akwai anjiyotensin, wanda ƙoda ke tayar da shi. Shi matse jijiya yake yi, jini ya hau. Akwai kuma TNF, mai fitowa sa'ad da jiki ke fama da cuta. Idan irin waɗannan suka dinga dukan yaɓe dare da rana, sai sinadarin kalsiyam ya yi yawa cikin ƙwayoyinsa. Fatar ƙwayar ta tashi kamar bororon ƙuna, bororon ya tsinke ya zama ɓarɓashi, ya bi jini. A 1999 masana a birnin Marsel na Faransa suka zuba TNF a kan ƙwayoyin yaɓe, suka ga ɓarɓashin yana zuba. Ƙanƙantarsa ta kai in an jera guda 1,000, da ƙyar su kai tsawon milimita 1.

Mai lafiya ma yana da ɗan kaɗan a jininsa. Yawansa ne abin tsoro. Da shara ce kawai, da sauƙi. Ɓarɓashin nan yana taimaka wa jini ya daskare, yana kuma rage iskar nan mai buɗe jijiya. Ga hanya ta matse, ga gudan jini. In a ƙwaƙwalwa ya toshe, shi ne za ku ji an ce wane ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye.

An sami ɓarɓashin da yawa a jinin masu hawan jini, da masu ciwon suga, da masu sikila, da mashaya taba. An same shi kuma a jinin yara a ƙasar Malawi waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya taɓa musu ƙwaƙwalwa. Duk cututtukan nan muna da su a gidajenmu.

Matar da ke share ɗaki kullum, in ta ga garin ƙasa a gindin bango, ta san yaɓe ya fara zuba tun kafin damina ta tona asiri. Abin da ke damuna shi ne, na jijiya ba a ganinsa, ba ya kuma ciwo. Mutum yana noma, yana cin kasuwa, yana cewa lafiyarsa ƙalau.

Ƙirga ɓarɓashin aikin ɗakin bincike ne. Abin da ke hannunmu shi ne awon hawan jini, wanda ba ya ɗaukar minti biyar a asibitin sha-ka-tafi. In awo ya dinga kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a ga likita. Wanda aka ɗora a kan magani, don Allah kada ya ajiye don ya ji sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba a yini kada ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokalin shayi. Uwargida, dunƙulen ɗanɗanon da ake jefawa a miya ma gishiri ne cike da shi, a sa shi cikin lissafin.