Bayan an yi wa kafaɗa aiki

Aikina motsa gaɓoɓin marasa lafiya ne bayan karaya ko tiyata. Masu ciwon kafaɗa da ke zo mini daga ƙauyukan Agye, Gazawa da Gidan Rumji, da yawansu moto ne ya kayar da su a kan babbar hanya ko cikin yashi, wasu kuma daga amalanke suka faɗo. Ana kai su Maraɗi, likita ya sa ƙarfe a ƙashin dantse ko ya ɗinke jijiyar da ta tsinke, a sallame su. A gida ne kafaɗa ke warkewa ko ta lalace.

Jijiyar da aka ɗinke ba ta kama ƙashi da wuri. Shi ya sa ake rataye hannu mako 4 zuwa 6. Amma rataya ba ɗauri ba ne. Tun ranar farko a riƙa motsa yatsu, wuyan hannu da gwiwar hannu. Idan likita ya yarda, a sunkuya a saki hannun yana lilo a hankali. Wajen mako 6 mutum ke fara ɗaga hannun da kansa, ƙarfafa shi kuma sai wajen mako 12. Wanda ya ƙudundune hannu wata uku saboda tsoron zafi, kafaɗarsa kan sanƙare har ya kasa sa riga ko ɗaga hannu a kabbara, kuma sassauta ta kan ci watanni. Masu ciwon suga sun fi shiga wannan hali.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne damina. An yi wa manomi aiki a watan Afrilu, zafi ya kwanta, ruwa ya sauka a watan Yuni, gonar gero na jira. Ba na ganin laifinsa, domin abincin shekara ne. Sai dai kwanciyar zafi ba warkewa ba ce, kuma sara ɗaya da fartanya na iya tsinke ɗinkin. Aiki mai nauyi sai bayan wata 4 zuwa 6, wani ma ya fi haka. Haka mata: daka, jan guga a rijiya, ɗora tulu a ka, cicciɓar yaro a goya. Su ne ake hana hutu tun ana kwance zare. Maigida, idan an yi wa uwargida aiki, a kai gero inji, a samo mai ɗebo ruwa. Dangi kuma su shirya gayya tun kafin shuka.

Masu ɗori na da ƙima a wurinmu, amma kafaɗar da ke da ƙarfe ko ɗinki a ciki ba a ja, ba a murza ta, ba a gasa mikin da ruwan zafi. Barci a jingine ya fi sauƙi a makonnin farko. Mai shan taba ya daure ya bari, tana jinkirta haɗuwar ƙashi.

Idan zazzaɓi ya taso, ko miki ya kumbura yana fitar da mugunya, ko yatsu suka mutu, kada a jira ranar da aka rubuta a takarda. A tafi cibiyar kiwon lafiya (CSI) mafi kusa ran nan, su tura asibitin da aka yi aikin.