Daren Da Ƙaramin Yaro Ke Fara Magana

Sau huɗu a cikin Attaura aka umarci uba ya ba ɗansa labarin fitowa daga Masar. Masu karatu su buɗe Fitowa 12:26, da 13:8, da 13:14, da Kubawar Shari'a 6:20. In mun lura da kyau, a wurare uku ɗan ne yake fara tambaya, uban kuwa amsawa yake yi. Malaman Yahudawa na dā sun riƙe wannan da ƙarfi, har suka shirya jibin Idin Ƙetarewa duka domin yaro ya ga abin mamaki, bakinsa ya buɗe.

Idin yana faɗuwa cikin watan Nisan, wajen Maris ko Afrilu. A daren farko iyali sukan zauna ga jibin da suke kira Seder, watau tsari, suna bin wani littafi mai suna Haggada, watau ba da labari. An rubuta a cikin Talmud cewa Malam Akiba, wanda ya mutu wajen shekara ta 135, yakan raba wa yara gasasshen hatsi da 'ya'yan itace a wannan dare domin kada barci ya kwashe su. A dā har akan ɗauke teburin abinci tun ba a ci ba, don dai wani yaro ya ce, "Ina za a kai shi?"

Wanda ya fi ƙanƙanta shi ke tashi ya yi tambayoyi huɗu, yawanci da waƙa. Yana so ya san dalilin cin gurasa marar yisti, da ganye mai ɗaci, da tsoma abinci sau biyu, da cin abinci a kishingiɗe. Amsar kuwa tana shiga ta harshe kafin ta shiga ta kunne, gama ɗacin ganyen shi ne ɗacin bauta, ruwan gishiri hawaye ne, kishingiɗa kuwa zaman 'ya'ya ne, ba na bayi ba. Talmud ya ce ko da babu yaro a gidan, matar ta yi tambayar. In babu mata, mutum ya tambayi kansa.

Yahudawan Iraki da Siriya suna da wani wasa. Yaro yakan saɓa ƙunshin gurasa a kafaɗa kamar matafiyi, a tambaye shi inda ya fito da inda za shi, ya ce daga Masar, za shi Urushalima. Na Farisa kuwa sukan bugi juna da ganyen albasa a tuna da bulalar shugabannin gandu. Ba shakka akwai dariya a ciki, amma yaron da ya yi wasan ba ya sake jin labarin kamar na waɗansu mutane dabam. Daga nan ne kuma akan kai shi ga dokar da ta hana zaluntar baƙo, tun da su ma sun yi baƙunci a Masar.

Sashen da ya fi mana nauyi shi ne na 'ya'ya huɗu, domin ya shafi samari da 'yan mata. Haggada ta ɗauki ayoyin nan huɗu ta ce 'ya'ya iri huɗu ne: mai hikima, da mugu, da mai sauƙin hali, da wanda bai san yadda zai yi tambaya ba. Laifin mugun kalma ɗaya ce. Yakan ce "ku" inda ya kamata ya ce "mu", kamar abin bai shafe shi ba. Amsar da aka rubuta masa tana da zafi, a ganinmu ma ta yi zafi da yawa ga saurayin da wataƙila shakka ce kawai take damunsa. Duk da haka ba a ce a kore shi daga tebur ba. A gidaje da yawa akan tsaya a nan a yi muhawara, kowa ya faɗi wanne ne shi a cikin huɗun, ko a ce wani ya tsaya wa mugun. Na huɗun kuma, mai shiru, an ce uba ne zai fara masa magana. Mu da muka tashi inda shirun yaro gaban manya shi ne ladabi, da wuya mu gane wannan yaro a gidajenmu, gama mukan yabe shi mu wuce.

Tun farkon jibin uban gida yakan karya ta tsakiya cikin gurasa uku, ya naɗe babban gutsuren, wanda ake kira afikoman, ya ɓoye. A waɗansu gidaje yaran ne ke ɗauke shi a ɓoye. Shi ne abin ci na ƙarshe, ba a rufe jibin sai an ci shi. Saboda haka can cikin dare dattijo yakan zauna yana ciniki da ɗan shekara shida a kan abin da zai ba shi kafin ya fito da gurasar, jama'a duka kuwa suna jira.