IDAN MATAFIYI YA DAWO GIDA: DARASI GA IYAYE MATA GAME DA GWAJIN KORONA

Ya ku iyaye mata na Rafin Guza da kewaye, sannunku da zuwa awo. Kafin a kira sunanki, karanta wannan. Wadda ta iya karatu ta karanta wa ta kusa da ita.

A unguwarmu ba a rasa mai tafiya. Wani ya je Hajji ko Umra, wata ta je sarin kaya Dubai, wani an kai shi Masar ko Indiya neman magani. Shi ya sa mata da yawa kan tambayi malamar asibiti: "Shin har yanzu sai an yi gwajin korona kafin a dawo gida? Nawa ne kuɗinsa?" Ga amsar.

1. YADDA ABIN YA FARO

An sami mutum na farko mai cutar korona a Najeriya ran 27 ga Fabrairu 2020, a Legas. Baƙo ne da ya sauko daga Italiya. A watan Maris aka hana jiragen ƙasashen waje sauka. Ba a sake buɗe musu hanya ba sai ran 5 ga Satumba 2020, shi ma a Legas da Abuja kawai. Filin jirgin Malam Aminu Kano bai samu ba sai a Afrilu 2021. A 2020 da 2021 babu maniyyacin da ya tashi daga nan zuwa Hajji, sai a 2022.

2. DOKAR DA AKA SA WA MASU DAWOWA

Da aka buɗe hanya, gwamnatin tarayya ta gindaya sharuɗɗa huɗu:

(a) A yi gwajin da ake kira PCR tun a can, a nuna takardar cewa ba a ɗauke da cutar. Da farko takardar kwana huɗu take aiki, aka rage zuwa uku, daga baya biyu.
(b) A cika takarda ta intanet, a biya kuɗin gwaji na biyu tun kafin a hau jirgi.
(c) Idan an sauka, a killace kai a ɗaki har kwana bakwai.
(d) Rana ta bakwai a je a sake gwaji. A ƙarshen 2021 an ƙara da gwajin rana ta biyu.

Yara 'yan ƙasa da shekara 10 an ɗauke musu gwajin. Wanda kuwa ya ƙi zuwa gwaji na biyu, akwai hukunci. A Janairu 2021 an dakatar da fasfon mutum 100 na wata shida saboda haka.

3. KUƊIN GWAJI

Matafiyi shi ya riƙa biya daga aljihunsa. Gwaji ɗaya ya kai naira 50,400 a Legas, a Abuja kuma naira 39,500. A lokacin, mafi ƙanƙantar albashi naira 30,000 ne a wata. Ki lissafa: maigida da uwargida su biyu, ta Abuja, naira 79,000 ke nan, ban da abin da suka biya a can.

4. DON ME GWAJI BIYU?

Wasu sun ce cin kuɗi ne kawai. To ga dalilin likita. Ƙwayar cutar ba ta nuna kanta ranar da ta shiga jiki. Takan yi kwana biyu zuwa 14 tana kwance, galibi wajen kwana biyar. Mutum zai iya yin gwaji yau a ce lafiyarsa lau, gobe ya ɗauka a cikin cunkoson filin jirgi. Takardar hannunsa gaskiya ta faɗa, amma labarin jiya ne. Shi ya sa aka riƙa jira a sake dubawa.

5. YAU FA?

An soke dokar. A Afrilu 2022 aka ɗauke wa masu cikakkiyar allurar rigakafi gwajin kafin tasowa. Ran 12 ga Disamba 2022 aka ɗauke wa kowa, mai allura da marar allura. A Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama annobar gaggawa ga duniya.

Saboda haka, KADA KI BIYA KOWA KUƊIN GWAJIN KORONA DON MIJINKI KO ƊANKI YA DAWO GIDA. Idan wani ya bugo waya ya ce an tsare ɗan'uwanki a filin jirgi sai an turo kuɗin gwaji, kada ki sayar da akuyarki, kada ki taɓa kuɗin adashi. Ki fara neman ɗan'uwan naki da kansa.

Amma mai fita waje har yanzu yana bukatar katin allurar shawara, katin nan ruwan ɗorawa. Maniyyata kuma ana yi musu allurar sanƙarau da ɗigon shan-inna. Waɗannan daban ne, kada a haɗa su da korona.

6. DOKA TA TAFI, CUTA TANA NAN

Korona ba ta ƙare ba, sauƙi ta yi. Akwai kuma wata 'yar'uwarta mai suna MERS, wadda aka gano a Saudiyya a 2012, ana ɗaukarta daga raƙuma. Ga mura da tarin da alhazai kan dawo da su. Babban mutum zai yi tarinsa ya warke. Jariri da mai ciki da tsoho da mai ciwon suga ko hawan jini, su ne abin ji.

Idan matafiyi ya sauka gidanki, ki kula da waɗannan har mako biyu:

Ɗaya. Idan yana tari ko zazzaɓi, ya kwana ɗaki daban, a buɗe taga, ya sa takunkumi.
Biyu. Kada a miƙa masa jariri ya sumbata sai ya warke. Ba rashin kunya ba ne. Ki ce, "Baba Alhaji, ka huta tukuna, jikanka na nan yana jiranka."
Uku. Masu zuwa barka da sauka su zauna a tsakar gida, inda iska ke kaɗawa.
Huɗu. Ruwan Zamzam a zuba wa kowa a kofinsa. Kada kofi ɗaya ya zagaya gida.
Biyar. A wanke hannu da ruwa da sabulu kafin a taɓa yaro, kafin a raba dabino.
Shida. Mai shayarwa ko ta kamu da tari, ta ci gaba da ba da nono. Ta wanke hannu, ta rufe hanci da baki. Jariri kuwa ba a sa masa takunkumi.

7. YAUSHE ZA A GARZAYA ASIBITI?

Ki ƙirga numfashin yaro na minti ɗaya yana kwance shiru. Ya yi yawa idan ya kai:

60 ga ɗan ƙasa da wata biyu;
50 ga ɗan wata biyu zuwa shekara ɗaya;
40 ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar.

Haka kuma idan ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa, ko ya ƙi kama nono, ko ya yi jijjiga, ko jikin jariri ya yi zafi. Kada ki jira gari ya waye, kada ki tsaya a kemis. Ki zo nan. Idan ciwon ya fi ƙarfinmu za a ba ki takarda zuwa Babban Asibitin Kawo ko Asibitin Koyarwa na Barau Dikko.

Da zuwanki ki faɗa wa malamar asibiti: "Akwai wanda ya dawo daga waje a gidanmu, ƙasa kaza, rana kaza." Wannan magana tana taimakon likita ƙwarai. Ciwo ba abin kunya ba ne.

TAMBAYOYI

1. A wace shekara aka soke gwajin korona ga masu dawowa?
2. Don me aka yi ta gwaji sau biyu?
3. Numfashi nawa ne ya yi wa ɗan wata shida yawa?

Rigakafi ya fi magani. Allah ya dawo mana da matafiyanmu lafiya, ya raya mana zuri'a. Amin.

Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna